Yadda muka yi da abincinmu ranar da firji ya mutu

Abin da yake yaudarar mutum idan firji ya lalace shi ne fitilar ciki ba ta mutuwa. Ka buɗe ƙofa ka ga haske kamar kullum, kaya na nan a jere inda ka bar su, ka ɗauki abin da ya kawo ka ka rufe. Haka namu ya yi mana. An yi ta buɗe shi tun dare har gari ya waye babu wanda ya lura, sai da na ɗauko madara zan haɗa wa yara abin karyawa na ji robar babu wannan sanyin da yake ratsa tafin hannu. Na kai hannu bangon ciki, can baya inda raɓa take taruwa, na ji shi a bushe. Na buɗe firizar da ke sama, ƙanƙarar jikin bango ta saki tana ɗiga, kwalayen bakin ƙofa sun jiƙe sun yi laushi, wani ruwa ja-ja ya kwanta a ƙarƙashin ledar nama.

Sai a lokacin kunnena ya kama ƙarar. Daga bayan firjin, can ƙasa, wani abu zai yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, sai ka ji ƙas, ya yi tsit. Bayan 'yan mintuna ya sake. Babbar 'yata ta ce ai ta ji wannan ƙarar cikin dare da ta fito shan ruwa, ta ɗauka dama haka yake yi.

Na kira maigidan. Ya fara da abubuwan da ba sai an nemo mai gyara ba. Ya zare filogin ya sa cajar waya a soket ɗin, wuta na nan. Ya duba maɓallin daidaita sanyi ko wani yaro ya murɗa shi, yana inda yake. Ya ce tunda injin yana yunƙurin tashi yana kasawa, barin sa a jone ƙara gasa shi kawai zai yi, sai ya bar shi a zare. Ni kuma na ɗauko salatef na manne ƙofofin biyu, na tara yaran na ce kada wanda ya sake ya taɓa. A duk abin da muka yi da safen nan babu wanda ya kai wannan amfani, domin sanyin da ya rage a ciki shi ne kaɗai jarinmu, kuma duk buɗewa ɗaya zubowa yake yi waje, iska mai ɗumi ta shiga ta zauna a gurbinsa.

Kafin in sake buɗewa sai da na zauna da waya na nemi ƙa'idar abin, don na san idan na tsaya a gaban kayan nan tausayin kuɗin da aka kashe ne zai yanke mini hukunci. Ƙa'idar ba ta da tsawo. Firji mai lafiya yana riƙe abinci a digiri 4 na ma'aunin Salshiyos ko ƙasa da haka, firiza kuma a digiri 18 ƙasa da sifili. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, da ma'aikatar noma ta ƙasar sun ce idan sanyi ya tsaya kuma ba a buɗe ƙofa ba, firji zai kare abinci na kimanin awa 4. Firizar da take cike takan kai awa 48, wadda take rabi kuma awa 24, saboda daskararrun kaya suna riƙe wa juna sanyi. Nama ko madara ko dafaffen abincin da ya haura digiri 4 ya kuma yi sama da awa 2 a haka, ya fita daga abin da za a amince da shi. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suke samun yadda suke so, har wasunsu kan ninka yawansu duk bayan minti 20. Na buga lissafin da kaina, na ga ƙwaya 1 tak da take ninkawa a haka, cikin awa 7 ta haura miliyan 2.

To, amma duk wannan lissafi daga lokacin da injin ya tsaya yake farawa, mu kuwa babu wanda ya ga tsayuwarsa. Sai muka shiga tambayar juna. Maigidan ya ce ruwan da ya sha kafin ya kwanta da sanyinsa, sai dai bai kai yadda ya saba ba. Yarinya ta ji ƙara tsakar dare. Ta kowace fuska aka duba, awa 4 ta wuce da nisa, ga shi an sha buɗe ƙofar. Ina da ɗan ma'aunin zafi mai tsinke da nake soka wa nama idan ina gashi. Na wanke shi na tsoma a cikin jug ɗin ruwan da ya kwana a firjin, domin ruwan ya fi iskar ciki nuna halin da abincin yake ciki. Ya nuna digiri 14. Wannan lambar ta gama maganar sashen ƙasa tun kafin in taɓa ko kwano ɗaya.

Don haka na bar ƙasan a rufe na fuskanci firiza, inda akwai sauran abin ceto. Maigidan ya fita nemo ƙanƙara, na wanke kulolin da muke da su na jera a gaban firjin, na kawo babban baho da ledoji masu kauri, sannan muka buɗe sau ɗaya muka kwashe komai da sauri. Abin da ake dubawa shi ne ko akwai sauran ƙanƙara a jikin abu, ko kuma sanyinsa bai haura digiri 4 ba. Idan haka ne, ana iya mayar da shi firiza, ko da yake ɗanɗanonsa da laushinsa za su ɗan ragu. Na riƙa matsa kowace leda da yatsu. Kajin da suke can tsakiya, waɗanda wasu kaya suka danne, suna nan da tauri, kana matsawa kana jin ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras a ciki. Manyan yankan nama sun saki daga waje, cikinsu kuwa tsinken ma'aunin ma ya ƙi shiga. Na bakin ƙofa da na saman jeri ne suka sha wuya. Niƙaƙƙen nama ya narke gaba ɗaya, sirarran yankan kifi sun yi laɓo-laɓo cikin ruwansu, askirim ya zama madara. Na soka musu ma'auni ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya haura 4 na jefa shi baho.

Kifin ne ma ban tsaya dogon tunani a kansa ba. Irin su tuna da makarel da sadin, idan suka zauna cikin ɗumi, wani sinadari mai suna histamin yana taruwa a tsokarsu, wuta kuma ba ta kashe shi. Mutum zai ci soyayyen kifi mai kyan gani, jim kaɗan fuskarsa ta yi ja, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, kai ya sara.

Maƙwabciyata, Allah ya saka mata da alheri, ta buɗa mini wuri a tata firizar, aka kai kajin da manyan yankan naman. Abin da ya narke amma yake da cikakken sanyi na ware shi don a dafa a ranar. Sauran na shirya a kula, ɗanyen nama a ƙasa cikin leda biyu-biyu don kada ruwansa ya ɗiga a kan wani abu, ƙanƙara a sama tunda sanyi ƙasa yake gangarawa, na cike ramukan da tawul na rufe na kai ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan.

Ana cikin haka na tuna da maganin Umma, mahaifiyar maigidan, wadda take zaune tare da mu. Tana da ciwon suga, kuma allurarta ta insulin a ƙofar firjin take. Na kira mai harhaɗa magungunan da muke saye a wurinsa. Ya tambaye ni ko ta daskare, ko ta sha rana ko zafi mai yawa, na ce a'a. Ya ce insulin ɗin da ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi, amma yawancin ire-irensa suna jure zaman ɗaki har kwana 28 matuƙar zafin bai wuce digiri 30 ba. Ya ce in duba takardar da ke cikin kwalin don kowane iri da nasa sharaɗin, in rubuta kwanan watan ranar a jiki, kuma idan zan sa a kula kada in bari ya taɓa ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya tashi daga aiki. Na naɗe kwalayen a ƙyalle na sa su a gefe.

Sai aka zo kan sashen ƙasa, kuma a nan ne ranar ta yi mini nauyi. Akwai babbar tukunyar miyar nama da na yi da yammacin jiya don ta kai mu 'yan kwanaki, akwai dafaffiyar shinkafa, akwai ragowar gasasshiyar kaza. Na ɗauko tukunyar zan juye a leda sai Umma ta shigo kicin. Ta karɓa, ta buɗe murfin, ta sunsuna, ta juya da cokali.

Ta ce, "'Yar nan, me ya sami miyar nan? Ko tsami ba ta yi ba. Ɗora ta a wuta ta tafasa sosai, shi ke nan."

Na ce, "Umma, ta kwana babu sanyi, kuma a rufe take."

Ta ce, "Mu da muka tashi babu firji a gida, ba mu mutu ba. Ido ba mudu ba, ya san kima. Zubar da abinci ba abin wasa ba ne."

Maganarta ba ta banza ba ce, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Wanda ya rayu babu firji ya san dabarun zama da abinci, yana dafa daidai ci, yana tafasa ragowa kafin ya kwanta, yana sake tafasawa da asuba. Mu kuwa mun yi girki mai yawa ne saboda mun dogara da sanyi, sanyin ya janye ba tare da mun sani ba. Na jawo mata kujera na zauna kusa da ita na yi mata bayanin abin da na karanta. Ƙwayoyin da suke sa abinci wari da tsami da yauƙi daban suke da waɗanda suke kwantar da mutum. Na farkon su ne hanci yake kamawa. Na biyun, irin su Salmonela, suna iya cika tukunya ba su canza mata ƙamshi ko launi ko ɗanɗano ba. Shi ya sa aka hana a ɗanɗana abinci don a gane ko ya lalace.

Ta ce ai wuta tana kashe komai. Na ce tana kashe ƙwayoyin, amma ba kullum take kashe dafin da suka riga suka zuba ba. Akwai Staphylococcus aureus, wadda take zaune a fata da hancin mutane da yawa masu lafiya, tana shiga abinci daga hannun mai girki bayan an sauke. Idan ta sami ɗumi ta yaɗu, dafinta yana jure tafasa, kuma cikin 'yan awoyi mutum yake fara amai. Shinkafa kuma tana da tata, Bacillus cereus, wadda ƙwayayenta suke tsallake dahuwar farko su farka idan shinkafar ta huce ta zauna, dafinta ma ɗumame ba ya taɓa shi. Sannan na tuna mata ƙanwata mai juna biyu da take yawan cin abincin rana a gidanmu. Akwai Listeriya, wadda ko a cikin firji mai lafiya tana iya yaɗuwa a hankali, balle wanda ya kai digiri 14, kuma tana iya jawo ɓari ko ta cutar da jariri. Ga ƙaramin yaronmu, ga ita kanta Umma da shekarunta da ciwonta. Duk waɗanda gurɓataccen abinci ya fi kayarwa suna cin abinci a kan teburinmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suke mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan ta ƙarshen ce kawai na gaya wa Umma. Ta yi shiru ta dubi jikanta da yake wasa a bakin ƙofa.

Can ta ce, "To in ba za ku ci ba, a ba wa mabuƙata mana."

Na ce, "Umma, abin da na hana ɗana ba zan ba ɗan wani ba. Shi ma in ya kwanta, wataƙila ba shi da ko kuɗin asibiti."

Ta miƙo mini tukunyar ta ce, "Allah ya mayar da alheri." Ta tashi ta koma ɗakinta, don ba za ta iya kallo ba. Ni ma da nake juyewa sai da idona ya cika. Na san awoyin da na yi a tsaye a kan miyar nan, na san guminsa da maigidan ya yi kafin a sayo naman. Duk wanda ya ce zubar da abinci mai kyan gani abu ne mai sauƙi bai taɓa yi ba. Har yau ina ganin daidai na yi, kuma har yau idan na tuna raina yana sosuwa.

Bayan miyar, sauran ba su ba ni wahala ba. Shinkafa, taliya, kaza, dafaffen ƙwai, madara, yogot, cuku mai laushi, sosej, yankakkiyar kankana da dafaffun kayan lambu duk suka bi ta. Ɗanyen ƙwai ya ɗan tsayar da ni, domin a ƙasashen Turai da dama a waje ake sayar da shi ba a firji ba, a Amurka kuwa wanke shi ake yi, wankin yana cire masa rigar da take toshe ƙofofin ɓawo, dole a sanyaya shi. Sai dai ƙwan da ya riga ya zauna a firji, idan ya ɗumama yana yin gumi, damshin kuma yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su ratsa ɓawon. Namu ya yi gumin, na haɗa da shi. Abin da ya tsira ya fi yadda na zata: bota, cuku mai tauri, jam, burodi, lemo, tuffa, karas, kabeji, tumatir da duk ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itacen da ba a yanka ba, da kayan da aka jiƙa a ruwan khal. Duk wanda ruwan nama ya ɗiga a kansa kuwa, ko da yana cikin masu jurewa, ban bar shi ba.

Maigidan ya ɗauki hoton komai kafin a ɗaure, ko da garanti ko inshora za su nemi shaida. Muka sa leda biyu-biyu muka ɗaure tam, aka kai inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba. Da rana na ɗora tukwane na dafa naman da na ware, kazar sai da ma'auni ya nuna digiri 74 a tsokar cinya kafin na sauke. Ya fi ƙarfin cikinmu, ga babu wurin ajiya, sai muka rarraba wa maƙwabta da zafinsa.

Wankin firjin aiki ne na kansa. Na sa safar hannu na fitar da duk faranta da aljihunan ciki na wanke da ruwan ɗumi da sabulu, sannan na bi su da ruwan bilic, babban cokali 1 a cikin kusan lita 4 na ruwa. Bangon ciki na goge shi da bekin soda da ruwa, na bi lungunan robar ƙofa da tsohon buroshin haƙori, inda baƙin datti yake maƙalewa. Ba a haɗa bilic da ruwan khal ko da wani sinadarin wanki mai amoniya, iskar da suke fitarwa guba ce, don haka kowanne da lokacinsa, taga kuma a buɗe. Na bar ƙofofin a wangale ya sha iska, na ajiye kwanon gawayi a ciki. Duk da haka wani wari bai bar kicin ɗin ba. Na sake wankewa, yana nan.

Mai gyaran farko da aka kawo mana bai ko leƙa bayan firjin ba. Ya buɗe ƙofa ya sa hannu ya ce, "Hajiya, gas ne ya ƙare. A zuba masa sabo ya ci gaba da aiki."

Maigidan ya ce, "Malam, to ina gas ɗin ya tafi?"

Tambayar tana kan hanya, domin gas ɗin firji ba cinye shi ake yi ba, zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu. Kwamfiresa, wato injin da ke bayan firjin, tana matsa shi ya yi zafi, ya bi ta ragar bututun baya ya saki zafin ya zama ruwa, ya kurɗa ta wani siririn bututu ya faɗa cikin bututun firiza inda matsi ya yi ƙasa, a nan ya koma iska yana zuƙe zafin ciki, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki idan yana bushewa. Daga nan ya dawo kwamfiresa. Idan har ya ragu, to akwai inda ya huje, kuma zuba sabo ba tare da an gano hujin an toshe ba, kuɗi ne za a sake kashewa nan ba da daɗewa ba. Ban da haka, firjin da gas ɗinsa ya tsiyaye yawanci injinsa yana ta aiki ne ba sanyi, namu kuwa tashi ma ya kasa yi. Mutumin bai ba da amsar da ta gamsar ba. Muka ba shi na mota muka yi masa godiya.

Na biyun dattijo ne, ba shi da yawan magana. Ya ce a jona. Ya tsuguna ya saurara har ƙas ɗin ta zo, ya ce a zare. Ya jawo firjin daga bango, ya cire wani ɗan murfi a gefen kwamfiresar, ya zaro wani ɗan baƙin abu da bai kai akwatin ashana ba, ya girgiza shi a kunnen maigidan. Har daga inda nake ina jin ɓaraguzai suna kacau-kacau a ciki, ga ƙaurin ƙuna.

Ya ce, "Alhaji, rile ne. Shi yake ba injin ƙarfin tashi na ɗan lokaci. Da ya ƙone, injin sai ya yi ta jan wuta bai juya ba, obalodi kuma, wato abin da yake kare injin, ya yanke wutar don kada ya ƙone. Yankewar ce kuke ji."

Bai tsaya nan ba, ya sa mita ya auna ƙafafu ukun da ke jikin kwamfiresar ya tabbatar wayoyin cikinta ba su ƙone ba, sannan ya sa sabon rile da obalodi. Ana jonawa injin ya ɗauka da wannan siririn kukan da muka saba, ya maƙala wata mitar a waya ya ga wutar da yake ja daidai take. Ya nuna mini ragar baya, ƙura ta yi mata kauri, ga shi mun matse firjin da bango babu inda zafi zai fita. Ya ce injin da ba ya samun iska aiki yake yi ba hutu, shi yake cin irin waɗannan ƙananan kayan. Ya share ta da buroshi, ya ce a bar masa tazara ta baya da gefe. Ya kuma saka takarda a bakin ƙofa ya rufe ya ja, ya bi kowane gefe, don idan takarda ta zare ba tare da turjiya ba robar ta saki ke nan. Tamu ta riƙe.

Shi ne kuma ya gano mini warin. A saman kwamfiresar akwai wani faranti da ruwan narkewar ƙanƙara yake gangarowa ta wani ɗan rami, zafin injin ya busar da shi. Ruwan naman da ya narke ya bi ta ramin ya taru a nan, ya yi kwanaki yana ruɓewa. Da ya zaro farantin sai da na toshe hanci. Na wanke shi da bilic, na zuba ruwan ɗumi a ramin har ya fito da tsabta, warin ya tafi a ranar.

Kafin ya tafi ya nuna mana wata takarda da ke manne a cikin firjin, an rubuta R600a, wato sunan irin gas ɗin da ke cikinsa. Ya ce tsofaffin firji da R12 suke aiki, wanda aka daina saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, bayan yarjejeniyar Montiriyal ta 1987. Aka koma R134a, yanzu kuma yawancin na gida R600a ne, wanda yake kama wuta. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, don Allah ko ƙanƙara ta cika firiza kada a sa mata wuƙa. Bututun yana nan ƙarƙashinta, huji ɗaya ya isa. A kashe a bar ta ta narke da kanta." Na tambaye shi abin da yake sa wani firjin firizarsa na sanyi amma ƙasan babu. Ya ce a irin waɗanda ba sa tara ƙanƙara a fili, yawanci fankar ciki ce ta tsaya, ko hitar da take narkar da ƙanƙarar ɓoye ta mutu har ta toshe hanyar iska, kuma duk wannan ba maganar gas ba ce.

Ya ce kada mu yi gaggawar zuba kaya, firji kan ɗauki har awa 24 kafin sanyinsa ya daidaita. Muka bar shi da robobin ruwa kawai har washegari. Na sayo ƙananan ma'aunan sanyi guda biyu na rataya ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai da na ga 4 a ƙasa da 18 ƙasa da sifili a sama kafin na karɓo kajina daga maƙwabta. Wasu sun ba ni shawarar daskarar da ruwa a kofi a ɗora tsabar kuɗi a kai, wai idan aka tarar ta nutse an san firiza ta taɓa narkewa. Dabara ce, amma ƙanƙara tana iya yin iyo a kan ruwanta da tsabar a kai ta sake daskarewa, kuma ba ta faɗin digiri nawa aka kai. Ma'auni ya fi mini. Yanzu nama ƙanana-ƙanana nake ɗaurawa a shimfiɗe da kwanan wata a jiki, inda ya rage fili a firiza kuma na cike da robobin ruwa, ba har baki ba saboda ruwa yana kumbura idan ya daskare. Ranar da sanyi ya sake tsayawa, su ne za su riƙe firizar, su ne kuma ƙanƙarar kula.

Dattijon bai ɓoye mana ba cewa kwamfiresar ta sha wuya a daren nan, kuma ba zai iya cewa ga iya shekarun da suka rage mata ba. Mun yi shawara da maigidan cewa idan ita ce ta mutu nan gaba, sabon firji za mu nema, tunda canza ta babban aiki ne a tsohon inji. Ya ce idan ranar ta zo, a miƙa tsohon ga masu zuƙe gas ɗin ta hanyar da ta dace, kuma kafin a fitar da shi waje a cire masa ƙofofi. Yara suna shiga tsohon firji wasan ɓuya iska ta ƙare musu, abin da ya sa Amurka ta yi doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki. Ya ce ko mai ƙofar maganaɗisu ne a cire, domin ƙaramin yaron da ya firgita a cikin duhu ba lallai ya iya turawa ba.